Sunayen da Roelf Kamminga Ya Ara

Shekara ashirin da biyu na yi a teburin karɓar baƙi na gidan hukumar garinmu, Zandwierde, kuma ban taɓa riga Roelf Kamminga zuwa aiki ba ko sau ɗaya. Na gwada, don haushi. Duk sammakon da na yi sai in tarar da kekensa a jingine a inda ya saba, ya riga ya kunna fitilu, tukunyar gahawa tana tafasa, shi kuma yana tsaye da makullai a ƙugu yana duban agogo.

"Jantina, yau ma gadon ya riƙe ki?" in ji shi. Ƙarfe takwas saura kwata fa.

A takarda masinja ne. A zahiri shi ne gidan. Shi ke buɗewa, shi ke rufewa, shi ke ɗaga tuta ya sauke ta, shi ke goge sarƙar da magajin gari yake ratayawa ranar ɗaurin aure. Magajin gari biyar ya yi wa aiki, kuma kowannensu sai da Roelf ya nuna masa inda ake tsayawa. Dogo ne, siriri, mai manyan hannuwa irin na ubansa, wanda ya ƙare rayuwarsa yana tonon dankali a gonar wasu. Yana ɗan shekara goma sha biyar aka cire shi daga makaranta aka kai shi wurin wani mai rubuta allunan shaguna, a can ya koyi rubutu iri-iri: na mahauci daban, na mai burodi daban, na lauya daban. Da sana'ar ta mutu ya dawo hukuma, ya zauna shekara talatin da huɗu. Matarsa Hilje ta rasu shekara shida kafin abin da zan ba da labari. Ba su haihu ba. Abincin ranarsa burodi yanka huɗu da cuku, kullum, a zaune a kujera ɗaya.

Aikin da ya fi ji da shi shi ne littafin ta'aziyya. Wani tsohon magajin gari ne ya kafa mana al'adar: in wani babba ya mutu a ƙasar, ko wani bala'i ya auku, mu ma sai mu buɗe littafi, duk da ƙanƙantar garinmu. Roelf zai fito da ƙaramin tebur ya kafa a zaure, ya shimfiɗa mayafi mai launin toka, kyandir biyu, hoton mamaci, fararen furanni, da biro ɗaure da zare don kada wani ya tafi da shi cikin baƙin ciki. Magajin gari ne ke fara sa hannu. Daga nan Roelf sai ya ja da baya taku shida ya tsaya, idonsa a kan taga, domin a cewarsa ba a kallon mutum yana rubuta ta'aziyya. Bayan kwana biyar ya naɗe littafin da takarda ya aika wa iyalan.

Na taɓa zolayarsa a kan wannan.

"Baba Roelf, kana tsammanin matar minista za ta zauna ta karanta abin da mai sayar da kifin Zandwierde ya rubuta?"

"Za ta karanta," ya ce. "Ko ba ta karanta ba, za ta ƙirga. Ke ba ki sani ba tukuna. Da Hilje ta tafi, katin da ya shigo ta ƙofata sai da na ƙirga shi sau uku a rana. Har na san waɗanda ba su aiko ba."

Ban sake yi masa wannan wasan ba.

Waccan shekarar ba ta da daɗi tun daga farkonta. Manoma sun tare hanyoyi da tarakta, sun rataye tutar ƙasa a kife a kowane turken fitila har zuwa bakin gari, abin da ya sa Roelf ya riƙa zagayawa ta wata hanya don kada ya gani. 'Yan siyasa suna ta cacar baki a talabijin. Ga mutuwa, kamar an buɗe mata ƙofa. Wani tsohon minista ya fara, sai mawaƙiyar da iyayenmu suka yi rawa da waƙoƙinta, sai mai karanta labaran dare, sai wani ɗan ƙwallo, sai wani marubuci da kowa ya ce ya karanta. Littafi takwas muka buɗe kafin ganye ya gama zuba. Na mawaƙiyar ya cika har aka ƙara wani. Daga nan abin ya yi ta raguwa. Mutane sun gaji da makoki, kuma sun gano cewa a waya ma ana yi: ka danna hoton kyandir kana kan gado, shi ke nan ka yi ta'aziyya. Ni dai wannan bai taɓa burge ni ba, kuma na faɗa wa duk wanda ya tsaya saurare.

Na tara shi ne namu. A watan Nuwamba Luurt Rozema ya mutu yana da shekara tamanin da ɗaya.

A bayan cocinmu aka haife shi, kuma shi kaɗai ne ɗan Zandwierde da duk ƙasar ta san sunansa. Tseren sulɓi a kan ƙanƙara ya yi, ya ci kofin ƙasa tun Roelf yana makarantar firamare. Ranar da ya dawo da kofin, a kafaɗa aka ɗauke shi daga tasha har kasuwa. Daga baya ya koma yammacin ƙasar ya zama mai sharhin wasanni. Wata rana, shekara arba'in da suka wuce, aka tambaye shi a talabijin inda ya koyi gudu haka, sai ya yi dariya ya ce: "A Zandwierde mana. Duk mai hankali a can gudu yake koya, don ya bar ta."

Wasa yake yi, kowa ya sani. Amma mu ba ma faɗa, ba ma zagi, shiru kawai muke yi, kuma shirunmu ba ya ƙarewa. Washegari aka sauke hotonsa daga bangon ƙungiyar tsere. Sau biyu ya zo gari bayan haka, jana'izar uwarsa da ta ƙanwarsa, aka gaishe shi da kai, ba wanda ya ja masa kujera. Bai sake zuwa ba.

Jaridu suka cika da hotonsa, talabijin ta nuna tsoffin tserensa. Roelf ya kafa tebur ranar Litinin, har ya nemo hoton ranar kofi. Magajin gari, wani saurayi ɗan yamma da bai san komai a kan tsohon zancen ba, ya sa hannu. Ranar nan mutum uku suka biyo bayansa. Talata biyu. Laraba ɗaya, shi ma ya zo sabunta fasfo ne ya ga biro. Alhamis ba kowa. Duk wanda ya shigo zaure sai ya bi ta jikin bango, kai ka ce teburin cizo yake. Na san adadin don ta gabana ake wucewa: bakwai.

"Ka bar tsayuwar nan, Baba Roelf, ƙafarka za ta kumbura," na ce masa ranar Alhamis. "Ba wanda zai zo. Ai shi ya jawo wa kansa da dogon bakinsa."

"Shi ya mutu. Ba shi zai buɗe ƙunshin ba."

"To sai me? Ka aika wa matarsa haka. Ko kar ka aika gaba ɗaya, wa zai sani?"

"An rubuta a jarida cewa garinsu ya buɗe masa littafi. Tana jira." Ya gyara kyandir ɗin da bai karkace ba. "Shafi ɗaya, Jantina. Shafi ɗaya, sauran fari fat."

Ranar Juma'a da na iso, na ga kekensa da raɓa a kan sirdi, alamar ya daɗe a ajiye. Yana zaune a ɗakin gahawa yana murza yatsunsa. Da yamma ya ɗauko littafin zai naɗe, iska ta buɗe shafukan, na hango rubutu har tsakiya, shuɗi da baƙi, manya da ƙanana.

"Ashe an zo," na ce.

"An zo," ya ce, bai dube ni ba.

Na san ba a zo ba. Na yi shiru, kuma gaskiya a lokacin har wani daɗi na ji a raina. Wannan shirun yana damuna har yau, don kalma ɗaya daga bakina da ta hana duk abin da ya biyo baya.

Abin da Roelf ya manta, shi da ya fi kowa sanin ka'idar makoki, shi ne katin godiya. Bayan mako uku da jana'iza, iyalan mamaci sukan aika wa duk wanda ya yi musu ta'aziyya ɗan kati. Manya ba sa yi wa littafin hukuma haka, sukan sa sanarwa ɗaya a jarida su gode wa kowa. Amma matar Luurt ba ta yi irin ta manya ba. Ta zauna da littafin a hannu ɗaya, da wani tsohon kundin lambobin waya na yankinmu da ta tarar a aljihun teburin mijinta, ta nemo adireshin kowa, ta rubuta da hannunta.

Ranar wata Talata a farkon Disamba, Trijnie Bulthuis ta shigo da rigar ruwa tana ɗiga, ta buga kati a kan teburina.

"Karanta min wannan, Jantina. Da ƙarfi. Wataƙila idona ne ya lalace."

An rubuta, har da laƙabin girmamawa da muke sa wa mata: "Zuwa ga Mevrouw Aaltje Bulthuis. Na gode da kika tuna yadda Luurt ya cire safar hannunsa ya ba ɗanki ranar da ya faɗa ruwa. Bai taɓa gaya mini ba. Kin faranta mini rai."

"Uwata shekararta tara a maƙabarta," in ji Trijnie. "Shekara tara! Yau na buɗe akwatin wasiƙa na ga sunanta, sabon rubutu, sabon kan sarki. Sai da na zauna a kan matakala. Wane marar imanin ne ya yi wannan? Wasa ake yi da matattunmu a gidan nan?"

Kafin in buɗe baki waya ta fara ƙara, kuma ba ta tsaya ba har aka tashi. Kati hamsin da shida ne suka shigo gari a rana ɗaya, kowanne da sunan wanda ke kwance a maƙabartar bayan coci. Wani tsoho ya samu na matarsa. Wasu sun faɗa gidajen baƙi da suka sayi gidan daga baya, suka riƙa kai wa maƙwabta suna tambaya ko an san mai sunan. Wata mata ta yi ta kuka a waya ba ta ce komai ba, sannan ta ajiye.

Roelf bai jira a neme shi ba. Ya cire makullai daga ƙugunsa, ya hau ofishin magajin gari, aka kira ni don in rubuta abin da aka faɗa.

"Ni ne, ranka ya daɗe. Ni kaɗai."

Magajin gari ya kira shi da laƙabin girmamawa na maza: "Amma don me matattu, Meneer Kamminga? Ko da za ka yi, me ya hana ka ƙirƙiro sunaye?"

"Ban iya ƙirƙirar mutum ba. Na gwada, hannuna ya ƙi. Waɗannan kuwa na san su, na san bakin kowa da rubutunsa. Kuma ban yi musu ƙarya ba. Aaltje da kanta ta ba ni labarin safar hannun nan, ya fi sau goma. Su suka ɗauke shi a kafaɗa, ina wurin. Sun so shi, ranka ya daɗe. Da suna raye a waccan ranar..."

"Da suna raye ranar Litinin ɗin nan, da sun zo?"

Roelf ya dubi takalminsa. "Ban sani ba," ya ce. "Wataƙila a'a."

Saura mako uku ya yi ritaya. An riga an yi odar kek, an tara masa kyauta, ƙungiyar masu busa ta yi alkawarin zuwa. Aka soke duka, aka ce ya zauna a gida daga ranar. Bai yi gardama ba. Sai da magajin gari ya ce hukuma za ta aika wa matar wasiƙar ban haƙuri ranar Litinin, sannan na ga hannunsa ya kama bayan kujera.

"A'a. Don Allah kada ta ji a takarda mai tambarin hukuma. Ku kore ni, ku sa a jarida, amma ku bar ta da littafinta."

"Mutum hamsin da shida sun sani. Gobe wani zai buga mata waya cikin fushi. Ka fi son ta ji ta haka?"

"To ni zan je. Da bakina."

Ranar Asabar na raka shi, ba don ya roƙe ni ba. Awa uku a jirgin ƙasa, ruwa yana dukan taga tun daga tasharmu. Ya sa kwat ɗin da yake sawa ranar jana'iza. Ya buɗe ƙunshin burodinsa, ya dube shi, ya mayar.

Coby Rozema, matar Luurt, tana hawa na shida a wani dogon gini kusa da birnin Den Haag. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce mai farin gashi, da jan baki a leɓe. Da ta ji daga inda muke, ta kama hannun Roelf da hannu biyu.

"Daga Zandwierde! Da kanku, cikin wannan ruwan! Ku shigo, ku shigo, ku ba ni rigunan."

Ta kawo gahawa, ta miƙa mana gwangwanin biskit. Littafin yana kan tebur kusa da tabaraunta, an saka 'yan takardu a tsakanin shafuka. A kan kabad akwai wani tulu mai ruwan ƙasa, da hoton Luurt a jingine da shi. Tokar gawarsa ce da aka ƙona, ranar Laraba aka ba ta.

"Kun san shekara arba'in mutumin nan yana cin kansa a kan magana ɗaya?" ta ce. "In ya ga sunan garinku a taswirar hasashen yanayi sai ya tashi ya shiga kicin. Na ce masa, Luurt, kai wawa ne, mutane suna mantuwa. Ya ce, ba ki san su ba. To ga shi, ni ce da gaskiya, shi kuma bai tsaya ya gani ba." Ta dafa littafin. "Kullum da safe nakan karanta masa biyu. Kuma na yanke shawara. Ya taɓa ce mini da so samu ne a zuba shi a ruwan bayan coci inda ya koyi tsere, amma kada in kuskura, don ko tokarsa ba za su so ba. A watan Janairu zan kawo shi gida. Ina so Mevrouw Bulthuis ta tsaya kusa da ni. Tana iya tafiya kuwa? Rubutunta ya nuna ta manyanta."

Na dubi Roelf. Na so ya yi shiru, na rantse na so. Ya ajiye kofinsa a hankali don kada ya yi ƙara.

"Mevrouw, Aaltje Bulthuis ta rasu shekara tara da suka wuce. Ni na rubuta."

Ya faɗa mata duka, bai rage ba, bai kare kansa ba. Ba ta katse shi ba. Ta sa tabarau, ta cire, ta sake sawa.

"Nawa ne na gaske?"

"Bakwai."

"Waɗanne?"

"Shafin farko."

Ta buɗe. Na san abin da ke ciki. Sa hannun magajin gari, da layi shida: "Allah ya ba da haƙuri", sau huɗu, sauran biyun suna kawai. Ta bi su da yatsa ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta juya sauran shafukan har ƙarshe, tana neman wani abu.

"Kamminga ka ce sunanka? Ban gan shi ba."

"Ban sa ba."

"Ka rubuta na mutum hamsin da shida, ka bar naka. Don me?"

Mutumin da ya iya ƙarya da biro bai iya ta da baki ba.

"Ni ma ban yafe masa ba, Mevrouw. Ubana yana zaune gaban talabijin ranar da ya faɗi maganar. Ke na tausaya wa."

Ta gyaɗa kai a hankali. Ba ta yi kuka ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta danne littafin da tafin hannu, ta yage shafin farko a tsanake, ta bi layin ɗinkin har ƙasa. Ta zare 'yan takardun da ta saka a tsakani, ta tara su gefe. Ta rufe littafin ta tura wa Roelf.

"Wannan nawa ne. Wancan naka ne, ka tafi da shi."

Muka tashi. Roelf ya ɗauki littafin ya rungume a ƙirji, ya tsaya bai san inda zai sa ƙafa ba. Ita kuwa ta riga ta juya mana baya. Ta je gaban kabad, ta ninke shafin biyu ta saka ƙarƙashin tulun, ta gyara hoton.

"To, Luurt," ta ce. "Kai ne da gaskiya. Sai ka yi zamanka a nan."